Igiya a Ƙafar Kujerar Alhaji

Jikata ta samu aikin bazara a wani sansanin 'yan sikawut da ke bayan gari. Ta faɗo flat ɗina na Tottenham, a nan London, ko sallama ba ta gama ba, waya a hannu, tana cewa, "Kaka, I got it!" Na yi mata addu'a da Hausa, ta amsa da amin ɗin da ta iya, sannan ta zauna ta shiga nuna mini hotunan wurin. Na ga bangon hawa mai launi-launi, na ga yara da hulunan kwano, na ga wata na'ura a can sama da ke riƙe igiya da kanta, ta sauko da yaro a hankali ba tare da hannun kowa ba. Na tambaye ta ƙulli nawa aka ce ta koya. Ta dube ni kamar na tambaye ta kuɗin goro a kasuwar Kurmi. Ta ce komai a ɗinke yake zuwa, maƙalawa kawai ake yi. Abin da ya ɗauke su lokaci, in ji ta, shi ne binciken da aka yi a kanta kafin a yarda ta tsaya kusa da 'ya'yan mutane. Na ce mata hakan ya yi kyau, kuma har zuciyata na faɗa. Sai dai bayan ta fita na daɗe ina duban hannuna.

Ni ma na yi wannan aiki, a shekarun da gashin kaina yake baƙi. Bazara muke ce wa lokacin, ko da yake bazarar ƙasar nan ba ta san sunanta ba, rabinta ruwa ne. Sansanin yana gefen wani daji a arewa da birni, inda bas ke juyawa ya sauke ka, ka ƙarasa da ƙafa. Idan na rufe ido yanzu ba hotonsa nake fara gani ba, ƙararsa nake ji: usur na tashin safe, gudumar katako tana bugun turakun tanti, yayyafi a kan tamfol kamar ana sheƙa gero, da ƙarafunan ɗamarar masu hawa suna kaɗawa kamar tarin mukullai. Mu ma'aikata samari ne da 'yan mata da suka girme wa zama yaran sikawut amma ba su kai a kira su manya ba. Sabon zuwa daga ƙasa yake farawa. Na fere dankalin da ya isa ciyar da unguwa, na kankare tukwanen da mutum zai iya zama a ciki, na ja kwale-kwale daga tafki ƙafata na nutsewa a taɓo, na kwashe abin da ba a faɗa a gaban abinci. Rana ba ta faɗuwa da wuri, sai in yi la'asar a bayan rumbun igiyoyi, in dawo in tarar kamar ba a taɓa yinin ba. Babu waya a aljihun kowa. Uwa ta kawo ɗanta, ta sumbace shi, ta juya, ba za ta sake jin ɗuriyarsa ba sai ranar ɗauka. Yanzu an ce duk motsin da yaro ya yi sai an aika wa iyaye hotonsa, kuma ban ga hankalinsu ya fi na waɗancan kwanciya ba.

Burin kowa a cikinmu shi ne hasumiya. Ginin katako ne dogo da yara ke hawa, wani a ƙasa yana riƙe musu igiya. Mai kula da sansanin, wani tsohon Bature mai jan gemu da kowa ke kira Skip, ba ya barin mutum ya taɓa igiyar hasumiya sai ya ci jarrabawarsa ta ƙulli. Akwai ƙulli ɗaya da ya fi damuwa da shi, wanda ke yin zobe a ƙugun mutum, ba ya zamewa kuma ba ya shaƙewa. Sai ka ɗaura shi ido a rufe, ka ɗaura shi hannu a baya, ka ɗaura shi bayan ya sa ka tsoma hannu a ruwan sanyi. Yana da wata 'yar magana da ake koya wa yara don kada su manta hanyar igiyar, ni kuwa na mayar da ita Hausa don ta fi zauna mini: zomo ya fito daga rami, ya zagaye bishiya, ya koma rami. Ya ba ni doguwar igiyar nailan ya ce in yanka gutsure-gutsure, in ƙona bakin kowanne da ashana don kada ya warware, in hura ya huce, in danne da yatsa mai yawu. Ya ce in ɗaura a jikin duk abin da ya tsaya cak, har hannuna ya daina neman izinin kaina.

A lokacin ina zaune a Edmonton wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da mijinta Alhaji, akawu a wani kamfanin jiragen ruwa. Wani ɗan ɗaki suka ba ni a saman bene, gado da taga da wurin shimfiɗa darduma. Ban da wannan ɗaki ba ni da inda zan sa haƙarƙarina a duk faɗin London, kuma da amanar Gwaggo mahaifina ya yarda na zo karatu. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta faɗar sunana, Babana take ce mini. Ranar da na gaya mata na samu aiki a sansani ta riƙe haɓa.

"Daji? Babana, ka baro daji a gida, ka hau jirgi ka zo London, don ka sake neman wani dajin?"

Alhaji ya yi dariya har yana buga hannun kujera. "Ƙyale shi, Hajiya. Kowane gida na buƙatar Sarkin Daji. In council ta kore mu daga gidanta, ga mai kafa mana tanti."

Yaransu sun tafi gida hutu, mu uku ne a gidan. Ranar hutuna nakan dawo da jakar wanki da igiyoyina. Na bi umarnin Skip sau da ƙafa. Na ɗaura a ƙafar gado, a ƙarfen matakala, a mariƙin ƙofar kicin. Wurin da na fi so shi ne ƙafar kujerar Alhaji, domin kaurinta ɗaya da turken hasumiya. Nakan zauna a ƙasa kusa da shi, yana murɗa rediyo yana neman tashar gida cikin shuuu da ƙyar-ƙyar, ni kuma hannuna na bayan kujera yana aikinsa. Wasu igiyoyin na kwance su, wasu na manta da su a ɗaure.

A wannan bazarar ce Alhaji ya fara ciwo. Jiri ya fara, sannan tari busasshe mai hana shi ƙarasa zance, sannan ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Aka yi ta zuwa asibiti ana dawowa da "ba mu ga komai ba tukuna." Mutum mai raha ya koma zama shiru a kujerarsa. Sai na fara lura da wasu ƙananan abubuwa, irin waɗanda ɗaya-ɗaya ba komai ba ne. Gwaggo ta daina aikena in kawo wa Alhaji ruwan shan magani. Abincina ya koma zama a rufe a kicin, maimakon mu ci tare. Gidan ya cika da hayaƙin habbatussauda, kaset ɗin karatu na juyawa daga safe har yamma. Matashin kaina ba ya inda na bar shi. Kuma Babana ya ɓace daga bakinta, na koma "kai" da "wannan yaron." Na yi ta lissafi. Na zaci warin hayaƙin sansani ne ke damunta. Na zaci cin da nake yi ne ya yi yawa. Har na zaci wani ya ce mata ya gan ni da 'yar Bature. Na zargi komai ban da abin da ke aljihuna.

Wata rana da azahar ina zaune a bakin gado, ƙofa ba a rufe sosai ba. Na yanki igiya, na ƙyasta ashana, na ƙona bakinta, na hura, na tofa yawu a yatsa na danne. Sannan na rufe ido na fara ɗaurawa, leɓena na motsi da zancen zomo. Da na buɗe ido sai ga Gwaggo a bakin ƙofa da kwandon wanki a hannu. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

"Sannu da aiki," ta ce.

Ta sauka a hankali. Na amsa da yauwa, na ci gaba da abina. Yau in na tuna, mamakin kaina nake yi. Duk wanda ya zauna a gaban allo ya san wace irin sana'a ce ake haɗa ƙulli da tofi da motsin baki, ya kuma san an koya mana neman tsari daga masu ita. Na san wannan sarai. Amma igiyar daga hannun Skip ta fito, kuma a kaina abin Bature da abin boka ba sa zama a ɗaki ɗaya.

Hutun da ya biyo baya na tarar ana jirana a falo. Alhaji na kujerarsa da bargo a gwiwa. Gwaggo na zaune a gefe. Kusa da ita akwai aminiyarta, wata 'yar kasuwar atamfa da muke kira Hajiya 'Yar Kumasi, mai Hausar zango wadda ba ruwanta da namiji ko mace. A tsakiyar kafet an ajiye faranti, a kansa igiyoyina, kowacce da ƙullinta, an tsinto su da cokali mai yatsu don kada hannu ya taɓa.

Na gaishe su. Gwaggo ta ce, "Zauna. Mene ne wannan?"

"Igiyar aiki ce, Gwaggo. Jarrabawa za a yi mana."

"Jarrabawar a ƙarƙashin kujerar mijina ake yin ta?"

Ta nuna da baki. Ɗaya tana nan a ƙafar kujera ta baya, ba su iya cire ta ba sai an kwance, kuma ba wanda ya yarda ya kwance.

Hajiya 'Yar Kumasi ta gyara mayafi. "Yaro, Gwaggo naka ya gan ka da ido nasa. Kana hura, kana tofa, kana karatu. Wane karatu ne? Faɗi mu ji."

Da na yi shiru da ya fi. Amma ina da gaskiya, kuma mai gaskiya yana da saurin baki. Na ce ba karatu ba ne, 'yar waƙar tuni ce, na karanto musu: zomo ya fito daga rami, ya zagaye bishiya, ya koma rami.

"Rami!" Ta dafa ƙirji. "Hajiya, ka ji? Ya koma rami. Wane ne za a mayar rami a gidan nan?"

Gwaggo ta fara salati. Na ce su zo sansanin su gani da idonsu, gobe ma in suna so, yara ɗari na ɗaura irinsa. Gwaggo ta ce ko boka yana da sana'ar da yake nuna wa mutane da rana. Na ce me zan samu in Alhaji ya kwanta, mutumin da nake ci a gidansa? Ta ce ita ma tambayar da ta hana ta barci ke nan. Muryata ta fara rawa, Hajiya 'Yar Kumasi ta ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Haba, Hajiya. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Yaron nan ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya nemi..." Tari ya sarƙe shi. Muka jira ya lafa, kuma tarin ya goyi bayan Gwaggo fiye da yadda shi ya goyi bayana. Da ya samu numfashi ya dube ni da jajayen idanu. "Sarkin Daji, kwance mata kawai a zauna lafiya."

Gwaggo ta ce, "Da hannunka. Wanda ya ƙulla shi ke kwancewa. In babu komai a ciki, me zai hana ka?"

Nan na ga inda aka sa ni. In na ƙi, an ce ina tsoron asirina ya karye. In na kwance, na karɓa cewa akwai abin da ake kwancewa. Na duba ko'ina ban ga ƙofa ta uku ba. Na tuna ɗakin saman bene, na tuna mahaifina da abin da za a je a gaya masa. Na durƙusa a bayan kujerar. Abin da ya sa masu hawa ke son wannan ƙulli shi ne duk nauyin da ya ɗauka, da babban yatsa ɗaya ake buɗe shi. Ya buɗe nan take, kamar dama jira yake. Gwaggo ta ce in yi bismilla a kan kowanne, na yi. Na bi na farantin ɗaya bayan ɗaya har suka zama igiyoyi miƙaƙƙu marasa laifi. Ta zuba su a ruwan gishiri ta fita da su. Ba wanda ya ce in ci abinci, ba wanda ya ce kada in ci.

Na koma sansani na ci jarrabawar. Skip ya ja ƙullina da dukkan ƙarfinsa, ya yi gurnani, ya ce gobe hasumiya. Ba zan manta nauyin yaron farko a igiyata ba, yadda tsoronsa ke gangarowa ta cikinta har tafin hannuna, da yadda ya saki jiki da na ce masa ina riƙe da shi. Iyayen da ba su san sunan garinmu ba suna miƙo mini 'ya'yansu ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Ban ɗauki wannan a matsayin sun fi mu kirki ba. Su ma suna da abubuwan da suke tsoro, igiya ce kawai ba ta cikinsu. Wanda maciji ya taɓa sara ne ke tsalle in ya ga tsumma, kuma Gwaggo ta taso a gidan da aka taɓa haƙa ƙofar ɗaki aka ciro abin da aka ciro.

Da na sake dawowa Edmonton, Alhaji ne ya buɗe mini ƙofa, a tsaye, da takalmi a ƙafarsa. Ya rungume ni yana dariya ba tari. A makon da na kwance igiyoyin, a makon ne likita ya canja masa maganin hawan jini, ya ce tsohon ne bai karɓe shi ba. Alhaji da kansa ya gaya mini haka a bakin ƙofa, da ƙarfi, don a ji a kicin. Na yi murna, Allah ya sani. Amma tun kafin in cire takalmi na san an gama shari'ata. Da ya ci gaba da ciwo, da wataƙila na fita. Warkewarsa ce ta kama ni. Na ji Gwaggo a waya tana ce wa wani, "Ai biri ya yi kama da mutum."

Ba ta kore ni ba, ba a yin haka. Ta ce dai yara sun kusa dawowa, gidan zai yi ƙunci, kuma namiji ya kamata ya saba da zaman kansa. Alhaji ya dubi rediyonsa. Skip ya bar ni ina kwana a sansani har aka naɗe tanti na ƙarshe, daga nan na samu wani ɗaki mai sanyi kusa da tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ba a daɗe ba na ji ɗan ƙanin Hajiya 'Yar Kumasi ya shiga ɗakin saman bene. Na juya wannan a raina shekara da shekaru. Daga baya aiki ya kai ni gidan rediyon da ke unguwar Aldwych, inda aka koya mini cewa labari mai majiya ɗaya ba a karanta shi, kuma tsakanin "ana zargin" da "an tabbatar" akwai ran mutum. Don haka ba zan ce Hajiya 'Yar Kumasi ce ta shirya abin ba. Abin da na sani shi ne ɗaki ya fita daga hannuna ya shiga nasu. A gidan rediyon ne kuma na ga cewa in ka karanta labari da safe ka gyara shi da yamma, ba mutane ɗaya ne ke saurare ba.

Ko Gwaggo ta gaya wa mahaifina, ban sani ba har ya rasu. Bai taɓa nuna mini ba. Amma in na je gida akwai 'yan uwan da ke karɓe jaririnsu daga hannuna da sauri kaɗan fiye da yadda ya kamata, ko kuwa ni ne nake ganin haka. Abin da zargi ya bar mini ke nan: ya koya mini sana'arsa. Mu da Gwaggo muka ci gaba da gaisawa a suna da biki da ta'aziyya, gaisuwa cikakkiya, ba a rage ko "ina gajiya" ba. Alhaji ya rayu ya tsufa, ya koma gida ya rasu a can, yana kirana Sarkin Daji har ƙarshe.

Da tsufa ya kama ta aka dawo da ita London neman magani, ta sauka wajen 'yarta a Edmonton ɗin dai. Wata safiya aka yi mini waya aka ce tana nemana. Na same ta a kwance, ta ƙanƙance, idon ne kawai bai canja ba. Ta sa kowa ya fita.

"Matso," ta ce. "Tafiya ta zo, ba na so in tafi da kowa a zuciyata. Abin nan da ka yi wa Alhaji, na san ƙuruciya ce, kuma wani ne ya zuga ka, don jininmu ba ya haka. Ban tambaye ka ko wane ne ba, ba kuma zan tambaya ba. Na yafe maka, duniya da lahira."

Ina da amsa. Na daɗe da shirya ta, na gyara ta a bas, na gyara ta a gaban madubi, babu kalmar da za a cire. Amma na dube ta na yi lissafin abin da amsar za ta saya. In ta ƙi yarda, na ɓata mata yafiyar da ta tara ƙarfinta ta yi. In kuwa ta yarda, na ɗora wa mace mai shirin haɗuwa da Ubangijinta cewa ta ɗauki ƙazafi ta goya shi rabin rayuwarta, ta raba ɗan yayanta da gida a ƙasar da ba shi da kowa, kuma babu sauran lokacin da za ta sauke shi.

Na ce, "Na gode, Gwaggo. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Amin." Ta lumshe ido, fuskarta ta saki. Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Ai tun ranar da ka durƙusa ka kwance da kanka na san akwai sauran imani a zuciyarka."

Na bar mata hannun har barci ya ɗauke ta.